Tapin mota: ramin da ke ƙarƙashin diddigen direba ya wuce maganar kwalliya

A wuraren wankin mota na Maraɗi, Damagaram ko Yamai, abu na farko da yaran wanki ke yi shi ne su buɗe ƙofofi, su zaro shimfiɗun ƙafa, su karkaɗe su, sannan su jera su a ƙasa. A nan ne asirin mota ke tonuwa. Guda uku kan fito da sauran ƙarfinsu, amma na gefen direba sau da yawa yakan fito da rami daidai inda diddigen ƙafar dama ke zama. Wani ya naɗe ta gefe, wani ya tsage, wani kuma an ɗora masa guntun ledar ɗaki ko kwali don a rufe ɓarnar.

Masu mota da yawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin gyara. Idan kuɗi suka samu, taya ce a gaba, sai batir, sai man inji. Shimfiɗar ƙafa, wadda a nan aka fi sani da tapi, a tsallaken iyaka kuma ake ce mata kafet, tana can ƙarshen lissafi, ko ma ba ta ciki. Alhali ita ce abu ɗaya tilo a cikin mota da ke kwance sakaka dab da totur, birki da kuloci. Idan ta huje, ƙasan mota ne ke biyan kuɗin. Idan ta zame, ran direba da na fasinja ne ke kan siraɗi.

Abin da ke cinye tapi a ƙasarmu

Babban abokin gabar tapi a Nijar shi ne rairayi. Duk wanda ya shiga mota daga unguwar da ba ta da kwalta yakan shigo da shi a ƙasan takalmi. Rairayin yana shigewa cikin zaren tapi, kuma duk lokacin da direba ya karkata ƙafa daga totur zuwa birki, diddigensa na murza shi a wuri guda. Mai taksi a Yamai yana yin wannan motsi ba adadi tsakanin safiya da dare. Direban Hiace da ke jigila a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram yana shafe awoyi da diddige a dafe wuri ɗaya. Shi ya sa ramin ke fitowa a wuri guda a kusan kowace mota.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Roba mai araha takan bushe, ta yi tauri, gefenta ya ɗaga sama. Ƙananan haƙoran da ke bayan tapi, waɗanda ke riƙe shi da ƙasa, sukan side. Daga nan tapi ya fara tafiya gaba kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka shiga ko aka fita.

Hunturu na kawo ƙura, damina kuma ta kawo laka da ruwa. Ga ledar ruwan sha da ke fashewa a ƙasa, ga kunu da fura da yara ke zubarwa, ga jarkar mai da ake ajiyewa a wurin ƙafa. Duk wannan tapi ne ke tare shi, muddin yana da lafiya.

Abin da ido ba ya gani

Ƙasan mota hawa-hawa ne. A sama akwai tapi, wanda ake cirewa a mayar. Ƙarƙashinsa akwai kafet ɗin da kamfani ya manna, wanda wasu ke kira moket. Ƙarƙashin wannan akwai wani abu mai kauri kamar soso ko bargo, mai rage zafi da ƙara. A can ƙasa kuma sai ƙarfen jikin motar. Ta gefen ƙofofi da ƙarƙashin kujeru wayoyin lantarki ke bi, kuma a wasu motocin, musamman ƙirar Turai, akwai ƙananan akwatunan kwamfuta da aka ɓoye a ƙarƙashin kafet ɗin.

Da zarar tapi ya huje, diddige ya koma cin kafet ɗin da ke manne, wanda sauya shi ya fi wuya da tsada, domin sai an kwance kujeru. Ruwa kuma ya samu hanya. Soson da ke ƙasa yana shan ruwa ya riƙe shi kwana da kwanaki, ko da saman ya bushe a taɓawa. Alamar farko ita ce wari irin na rumar ɗaki, da gilashi mai yin raɓa da safe. Bayan haka sai tsatsa ta kama ƙarfe, mahaɗar wayoyi su yi kore, fitilun gaban direba su fara kunna kansu ba dalili, gilashin ƙofa ya ƙi sauka. Mai mota ya yi ta zarya wurin mai gyaran waya, alhali ciwon na ƙarƙashin ƙafarsa.

Ba ruwan sama kaɗai ke jiƙa ƙasan mota ba. Na'urar sanyaya mota, wato kilim, tana da ɗan bututu da ke zubar da ruwa waje. Idan ƙura ta toshe shi, ruwan kan dawo ciki ya taru a wurin ƙafar mai zaman gaba. Robar bakin ƙofa da ta tsufa ita ma tana shigo da ruwa. Haka nan mai wankin da ke saka tiyo cikin mota don ya gama da wuri. Motocin da suka kwana cikin ruwa a ambaliyar daminar 2024, wadda ta yi ɓarna sosai a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, suna cikin waɗanda ya kamata a ɗaga kafet ɗinsu a duba, ko da injin na tashi lafiya.

Idan tsatsa ta kai ga huda ƙarfen, matsalar ta sauya fuska. Salansa a ƙarƙashin mota take bi, kuma idan tana yoyo, hayaƙinta na iya shigowa ta ramin. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kawo ciwon kai, jiri da gyangyaɗi. Ga direban da ke tafiyar dare da gilashi a rufe saboda sanyin hunturu, wannan ba abin wasa ba ne.

Darasin da Toyota ta koya da tsada

Wanda yake ganin tapi bai isa ya kashe mutum ba, sai ya duba abin da ya faru a Amurka. A ranar 28 ga Agusta 2009, kusa da birnin San Diego na jihar Kalifoniya, wani jami'in 'yan sandan kula da manyan hanyoyi yana tuƙa iyalinsa a cikin Lexus ES 350, wadda dillalin motoci ya ba shi aro yayin da ake gyaran tasa. Totur ya maƙale a ƙasa, motar ta yi ta ƙara gudu har ta haura kilomita 160 a awa, ta daki wata mota a mararraba, ta faɗa kwari ta kama wuta. Shi da matarsa da 'yarsu da ɗan'uwan matar duk suka rasu. Bincike ya gano cewa tapin roba da ke gefen direba na wata ƙirar Lexus ne, wadda ta fi wannan girma. Ya fi wurin tsawo, ba a ɗaure shi da ƙugiyoyinsa ba, kuma shi ne ya danne totur.

Wannan direba ne ƙwararre, wanda aikinsa ke nan a kan hanya, amma bai iya tsayar da motar ba. Bayan wata guda, kamfanin Toyota ya ba da sanarwar da ta shafi motoci kimanin miliyan 3.8 a Amurka, ya kuma buƙaci masu su da su cire tapin gefen direba gaba ɗaya kafin a samo mafita. Motocin sun haɗa da Camry ta 2007 zuwa 2010, Avalon ta 2005 zuwa 2010, Prius ta 2004 zuwa 2009, da Tacoma, Tundra da wasu ƙirar Lexus. Daga baya kamfanin ya rage tsawon totur, ya sauya tapi, ya kuma saka wa wasu motocin tsarin da ke rage wutar inji idan aka taka birki da totur lokaci guda. A watan Maris na 2014, Toyota ta amince ta biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2 saboda yadda ta ɓoye wa jama'a gaskiyar matsalar gudun da motocinta ke yi ba da son direba ba.

Labarin ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan motocin da ke kan titunan Nijar na hannu ne, daga Turai da Amurka. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Shekaru da dama tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce babbar ƙofar shigowarsu, ta Malanbil da Gaya, kafin rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karkata hanya zuwa Lome da Burkina Faso. Camry da Avalon na waɗannan shekarun suna nan suna yawo a garuruwanmu. Kafin mota ta iso hannun mai ita na ƙarshe, ta bi hannu da yawa, kuma ba wuya tapinta na asali ya ɓace a hanya a maye gurbinsa da duk wanda aka samu.

Al'adar da ta fi haɗari ita ce ɗora tapi kan tapi. Mai sabuwar mota yana son ya adana na asali, sai ya sayi na roba ya shimfiɗa a kai. Na saman ba shi da abin da ke riƙe shi, ya kuma rage tazarar da ke tsakanin totur da ƙasa. Littattafan da kamfanonin motoci ke bayarwa tare da mota suna gargaɗi ƙarara a kan haka. Daidai yake da shimfiɗa tawul, guntun darduma ko ledar ɗaki mai santsi a gefen direba. Da irin wannan, gwamma a bar wurin ba tapi.

Wanda za a gyara da wanda za a jefar

Ba kowane tapi ne ya kai jefarwa ba. Na asali da ya zo da mota yakan fi na kasuwa kauri da dacewa da wurin, don haka idan ɓarnar rami ce kawai a wurin diddige, gyara ya fi. Aikin masu ɗinkin kujerun mota ne, waɗanda ake samu kusa da gareji-gareji da tashoshin mota a kowane babban gari.

Gyara mai kyau yana farawa da wanki. A karkaɗe rairayi, a wanke da sabulu da buroshi, a shanya har ya bushe sarai, domin gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri ko mai ƙura. Daga nan a yanke bakin ramin ya daidaita, a samo roba mai ƙarfi, kamar ta cikin tayar babbar mota, wadda ta fi ramin faɗi ta kowane gefe, a manna ta ta bayan tapi. Gam irin na masu takalmi ana shafa shi a ɓangarori biyu, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a daddanne. Ta sama kuma a ɗora faci mai faɗin tafin ƙafa, na roba mai kaushi, a bi gefensa da ɗinki. Gam shi kaɗai ba ya jure zafin bazara, ɗinkin ne ke riƙe aikin.

Abin lura shi ne facin ya kwanta. Idan yana da tudu ko bakinsa ya ɗaga, diddige zai riƙa tuntuɓe da shi a daidai lokacin da ake neman birki cikin gaggawa. Kada a yi amfani da ƙusa, waya ko guntun kwano. Idan gefen tapi ne ya zare, ana iya bin sa da ɗinki a sa masa sabon baki. Idan kuma ramukan da ƙugiya ke shiga ne suka yage, a ƙarfafa wurin da roba ta baya, a huda sabo daidai da girman ƙugiyar.

Waɗannan ƙugiyoyi, ko maɓallai a wasu motocin, suna manne a ƙasa ta gaban kujerar direba. Mutane da yawa ba su ma san da su ba, yaran wanki kuma sukan mayar da tapi ba tare da sun maƙala shi ba. Idan sun karye ko sun ɓace, ana samun su wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Akwai tapin da gyara ba ya yi masa magani: wanda robarsa ta bushe tana tsagewa idan an lanƙwasa, wanda gefensa na gaba ya naɗe ya ƙi kwanciya, wanda bayansa ya yi santsi har yana zamewa da taɓawar ƙafa, da wanda warin ruma ya ƙi fita daga jikinsa bayan wanki da rana. Irin wannan sai sauyi.

Idan an ɗaga tapi an tarar ƙasa a jiƙe, sayen sabo ba zai warware komai ba. Sai an ɗaga kafet ɗin, an fitar da soson an shanya ko an sauya shi, an kuma gano inda ruwan ke shigowa. Tsatsar da ba ta yi zurfi ba ana gogewa a shafa fenti mai hana ta. Wadda ta huda ƙarfe sai mai walda, shi ma da sharaɗi: a cire duk abin da zai iya kama wuta, a kwance kan batir, a kuma kula da bututun mai da na birki da ke bi ta ƙasan motar.

Kafin a biya kuɗin sabo

A kasuwa, tapi iri uku ne. Akwai na zare mai kama da darduma, wanda ya fi kyan gani amma yana riƙe rairayi da ruwa. Akwai na roba mai ramuka da baki mai ɗan tsayi, wanda ke tare laka kuma ana wanke shi cikin minti kaɗan. Shi ya fi dacewa da taksi, motar haya da motar iyali mai yara. Sai wanda mai ɗinki ke yankawa daidai da ƙasan mota, bayan ya ɗauki zane da kwali ko da tsohon tapi.

Mafi yawan na shago an yi su ne don su shiga kowace mota, wanda ke nufin ba su dace da kowace ba sai an rage su. Da yawa suna da layuka a baya da ke nuna inda za a bi da almakashi. A yanke gefen totur sosai, har ya zama ko an tura tapin gaba da ƙafa bai kai wurin ba. Araha ba ta ado: roba mai ƙarfin wari, mai sirantaka, wadda ke yin fari idan an lanƙwasa ta, da wuya ta ga bazara biyu.

Gwaji na ƙarshe ba ya cin ko dala. Da inji a kashe, a zauna a kujerar direba, a taka totur har ƙasa a saki, a ga ko ya dawo da kansa nan take. A yi wa birki da kuloci haka. Sannan a gwada tura tapin gaba da diddige. Idan ya motsa, aiki bai ƙare ba. Wannan gwaji ya kamata ya zama al'ada duk bayan wankin mota, da duk lokacin da aka karɓi motar aro ko ta haya.

Ga masu turo mota daga waje

'Yan Nijar mazauna Faransa, Beljiyam, Jamus ko Amurka da ke turo wa iyali mota, ko su sayi ta haya don ƙane ya samu abin yi, suna da damar da na gida ba su da ita. A can ana samun tapin da aka ƙera don ƙira da shekarar mota takamaimai, da ramukan ƙugiya a inda suka dace. Saya tun can a saka cikin motar ya fi neman sa a nan sauƙi. Sai dai a kula: tapin motar Ingila ko ta cikin Japan an yanke shi ne don sitiyarin dama, ba zai zauna daidai a motar da ke da sitiyari a hagu ba.

Ƙasan mota kuma shaida ne a wurin ciniki. A ƙasashen da ake zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ƙasa take farawa. A kasuwannin gwanjon Amurka kuma akwai motocin da ambaliya ta shanye, kamfanonin inshora suka sallama su, aka wanke aka fito da su waje. Mai saye, a can ne ko a filin sayar da motoci na Yamai ko Maraɗi, ya ɗaga tapi, ya ja gefen kafet, ya leƙa ƙarƙashin kujera da ramin tayar safiya. Busasshiyar laka, tsatsa a kan kusoshin kujera, ko sabon kafet fil a cikin tsohuwar mota, duk dalilai ne na yin tambaya kafin a miƙa kuɗi.

Idan totur ya maƙale ana cikin tafiya

Duk da kiyayewa, ya kamata kowane direba ya san abin yi. Kada a sunkuya don jawo tapi da hannu ana cikin gudu. A taka birki da ƙarfi a riƙe, ba a riƙa takawa ana saki ba, domin hakan na ƙarar da ƙarfin da ke taimaka wa birkin. A mota mai kuloci, a taka shi a cire giya. A mai giyar otomatik, a mayar da ita kan harafin N. Injin zai yi ƙara sosai, amma ya daina jan tayoyi. A gangara gefen hanya, a tsaya, sannan a kashe. Idan tilas ta sa a kashe inji kafin tsayawa, kada a zare makulli, domin sitiyari na iya kullewa. A motocin Toyota masu maɓallin tayarwa, sai an danne shi na kimanin daƙiƙa 3 kafin injin ya mutu.

Damina na tafe kowace shekara, motocin hannu kuma ba su daina shigowa ba. Kafin ruwan farko ya sauka, ɗaga tapin gefen direba aikin minti ɗaya ne: a duba rami, a taɓa ƙasa a ji ko da danshi, a tabbatar ƙugiyoyi na nan kuma an maƙala su. Abin da mai ɗinki zai karɓa a kan faci bai kai ko kusa da abin da mai walda da mai waya za su nema ba idan aka bari tsatsa ta riga ta shiga.